Daga Ɗaya Zuwa Bakwai

Ranar Laraba, ruwa na zuba a Braga,
dattijo Abílio ya hau benenmu da sanda,
ya ce in yi sauri,
motar garinsu ba ta jiran kowa.

Na naɗa masa waya a yatsu biyu, don gumi,
ɗamara a ƙirji, don bugun zuciya,
sannan na kifa masa na'urar a ido.
A ciki akwai ƙauyensu,
wanda madatsar ruwa ta haɗiye tun yana saurayi.
Wata tara muka yi muna ɗinka shi
daga tsofaffin hotuna sittin da uku.

Ɗakinmu fili ne fetal, ko kujera babu.
Amma ya sunkuya
daidai inda ƙofar gidansu take gajeriya.
Ya goge takalmi a dandamalin da babu shi.
Ya miƙa hannu zai dafa bangon dutse,
iska ta karɓi hannun.

A allona layin zuciyarsa ya yi tsalle,
saba'in da biyu, casa'in, ɗari da takwas.
Duarte ya zungure ni da gwiwar hannu:
mun samu.

Da na cire masa, sai na ɗauko takarda.
Daga ɗaya zuwa bakwai, Baba,
yaya ka ji kana can?

Ya daɗe yana kallon silin.
Biyu, in ji shi.
Kun sa ɓauren a hagu, a dama yake.
Babu hayaƙi. Babu warin awaki.
Kuma garinmu bai taɓa yin tsit haka ba,
ko ranar da muka kwashe kaburbura.

Na rubuta biyu.
Hannunsa bai daina rawa ba.

Duarte ya ce mu ware shi daga lissafi,
baki ya faɗi daban, ƙirji ya faɗi daban,
irin wannan ɓata jadawali yake.
Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima,
kuma ni na ga sunkuyon nan.
Wane gurbi zan zuba shi?

A bakin ƙofa tsohon ya juyo.
Ke 'yar nan, ya ce,
gidan da gwamnati ta ba mu, mai famfo da lantarki,
shekara hamsin ina kwana a cikinsa.
Ba wanda ya taɓa zuwa da takarda
ya tambaye ni nawa.

Nawa ne? na ce.

Ya yi dariya, ya gyara hula,
ya sauka matakala a hankali, yana dafa bango.

Sai da yamma, ina naɗe wayoyi,
na ga sandarsa a tsakar ɗaki,
kwance inda ya jingine ta
a jikin ɓauren da muka dasa ba daidai ba.