Guduma Ba Ta Tambaya

Shekara talatin da ɗaya ina miƙe ƙarfe a Kutaisi,
a garejin da ke bayan gadar kogin Rioni.
Mota ta shigo a lotse, ta fita sumul.
Ban taɓa tambayar lotsawa wa ya haife ta ba.

Gocha ya buga ƙofa da asubar fari,
ɗan ƙanwata, wanda na koya wa riƙon sitiyari
yana kan cinyata, ƙafarsa ba ta kai birki ba.
Ya ce, "Kawu Shalva, kare ne."
Idonsa na kan takalminsa.

Na haska tocila.
Fitilar dama ta tarwatse,
goshin motar ya zurma kamar tasa,
a tsagar gilashi ga zaren ulu, shuɗi, guda.
Na san karnukan unguwarmu kaf,
ba wanda ke sa hula.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar,
haka na ce wa kaina.
Na zare zaren, na miƙa wa murhu.
Na naɗe kan guduma da tsumma
don kada maƙwabta su farka.
Kafin azahar fenti ya sha iska.
Aikin ya yi kyau, wannan ma sai na faɗa,
ban taɓa yin wanda ya kai shi ba.

Ranar nan layin burodi ya kai bakin titi,
tanderu sanyi ƙalau.
Tedo bai zo hura wuta ba.
An tsinci kekensa a kwata, ƙafar baya a murɗe,
shi kuma can gaba, cikin ƙanƙara.
Na bi jana'iza. Har na kama akwatin ta gefen hagu.

Kwana goma sha tara ina cin abinci ba gishiri.
Ba kuka ya tona ni ba, ba mafarki ba:
rasit ne.
Mai shagon fitilu ya rubuta rana da sunana,
mutum ne mai tsari, Allah ya ba shi lada.

Alƙaliya ta cire tabarau ta ce,
"Ba kai ka tuƙa ba, kotu ta sani.
Ran Tedo yana wuyan wani.
Kai da safiyar muke tuhumarka:
hanya ɗaya gaskiya ke da ita zuwa gidan matarsa,
ka bi ta da guduma, ka shafe da fenti."
Lauyana ya yi maganar zumunci, ya yi ta tsufa.
Ta saurara har ƙarshe.
Gocha bakwai. Ni biyu.

Ana fita da ni, Lamara ta tare ƙofa,
'yar tsohuwa, ba ta kai kafaɗata ba.
Na shirya wa tofi, na shirya wa mari.
Ta buɗe jaka ta fito da hular,
ta nuna min inda saƙar ta warware.
"Zaren fa?"
Na ce, "Wuta."
Ta gyaɗa kai, ta ninke ta biyu, ta ba ni hanya.

Ƙanwata ba ta zuwa ziyara.
Ta ce da na iya aikina da ba a gane ba.

Nan ɗakin, bangon ƙarfen ƙofa yana da 'yar lotsawa
daidai tsayin gwiwa, wani ya taɓa harbinta.
Da dare yatsuna kan je su same ta,
su auna zurfi, su san ta inda za a buga.
Minti goma ya ishe ni.
Ina barinta yadda take.