Masu Haƙar Duhu

Shekara arba'in ina sauka ƙarƙashin Wurno,
da diga, da kwando, ƙuguna ɗaure da igiya.
Na san jar ƙasa, na san laka mai wari,
na san fā da kan mai da diga baya,
na san sanyin da kan lashi tafin ƙafa
tun ido bai ga ruwa ba a rijiya.

Ran Talata Hajjo ta zo daga jami'a,
bazara ta kwantar da awaki gindin tsamiya.
Ta sayo mana ƙanƙarar naira ɗari,
ta fasa, ta zuba a ƙwarya,
ta ce, "Baba, kana da abokan sana'a
can ƙuryar kudu, gindin duniya.

Su ba diga gare su ba, tafasasshen ruwa suke turawa,
ya ci ƙanƙara, ya yi ta nitsewa,
zurfin ya kai nan da fadamar albasa,
rami tamanin da shida, ba ɗaya."
Na ce, "Wane gari ke shan ruwa haka?"
Ɗiyar nan ta kwashe da dariya.

"Ba ruwa suke nema ba. Duhu.
Duhun da ko tauraro bai taɓa leƙawa ba,
da ƙanƙara garau, ta fi idon zakara.
Su zura tulunan gilashi, sittin a igiya,
kowane da ido guda, ba ya ƙiftawa,
ramin ya daskare a kansu,
ba mai jawo su sama har gobe da jibi.
Aikinsu jira, sai ka ce mai fatsa a Rima
da ya jefa ƙugiya."

"Jiran wa?"
"Baƙon da ba ya sallama.
Niyutirino. Bai kai ƙwayar komai ba.
Yanzu haka dubban dubbai na ratsa ka, Baba,
ta hula, ta ƙashi, ta zuciya,
su wuce tabarma, su wuce dutse,
ƙasa duka a wurinsu rariya.

Amma cikin masu yawan nan akwai ƙosassu,
'yan nesa, daga inda taurari ke mugun wuta.
Wani, sau ɗaya a dogon jira,
ya yi tuntuɓe da ƙwayar ƙanƙara,
sai wani ɗa ya fito da gudu daga karon,
yana jan shuɗin haske, awa baba a marina,
tulun nan ya gani, na gaba ya gani, na gaba,
wa ya riga wa, su auna, su ja layi,
su nuna sama, su ce: ga inda aka harbo kibiya."

Na yi shiru. Na tuna marigayi Jaɓɓi,
wanda ya koya mini saukar farko.
Ya kan kifa kunne a gindin rami,
ya ce kowa ya daina motsi,
ruwa ba ya magana da mai hayaniya.

Na ce, "To, idon me ya sa yake kallon ƙasa?"
Ta ce, "Na sama tarkace ya yi musu yawa.
Wanda ya ɓullo ta ƙarƙashin ƙafa,
ya keto duniya tun daga arewa,
shi ne ba a shakkar sa da ƙarya.
Wani ma, wa ya sani, ta nan ya shiga,
ta tsakar gidanmu ya kama hanya."

Na dubi bakin rijiyar da na haƙa
shekarar da aka haife ta.
Na ce, "In ta nan ya bi, ki gaya musu,
gaba goma sha uku na farko
Modi ya buɗe masa, bai karɓi ko anini ba."

Ƙanƙarar ta narke muna zance.
Na ɗaga ƙwaryar, na leƙa ciki tukuna,
ban ga shuɗi ba, sai fuskar tsoho.
Na sha, na miƙa wa ɗiya.