Matakala Ɗari da Sittin da Biyu

Ranar da matar ofis ta miƙo mini takarda
ta ce, "Don Casimiro, awa ɗaya ce, duk Laraba,"
na sa hannu ban karanta ba.
Idona ya fara dushewa, ban kuwa gaya wa kowa ba.

Shekara talatin da huɗu na yi a tashar jiragen ruwan Valparaiso
ina ƙirga akwatunan ƙarfe, masu shiga da masu fita.
Da aka sallame ni sai na koma ƙirga tattabarun dandali
da ƙwayoyin hawan jini.

Yaron da aka ba ni, Eliseo sunansa.
Shekara tara. Igiyar takalminsa ɗaya ja, ɗaya baƙa.
Malamarsa ta rubuta:
ba ya jin lissafi, ba ya magana, yana cizon fensir.
Laraba uku muka yi a ɗakin karatu na kan tudu,
ni ina gyaran murya, shi yana kallon taga,
agogon bango yana yi mana gori.
Na zo masa da nasiha cike da aljihu,
wadda ta yi kwantai tun da ɗana ya daina kiran waya.
Ko ɗaya bai taya ba.

A ta huɗu aka yi ruwa, keken hawan tudu ya tsaya,
dole muka bi matakala.
Ina haki, ina dafa bango,
sai wata 'yar murya daga bayana:
"Saura saba'in da ɗaya."
Na ce, na me?
"Ɗari da sittin da biyu ne duka.
Ka taka casa'in da ɗaya."

Wai wannan ne ba ya jin lissafi.

Daga ranar muka bar wa tebur littafinsa.
Muka kasa matakalar gida shida, ashirin da bakwai-bakwai,
muka ninka karnukan unguwa da ƙafafunsu,
har da gurgun nan da ke ɓata mana amsa.
Muka raba burodi biyu tsakanin mutum uku,
don ƙanwarsa Maite takan biyo mu ba gayyata.
Wata rana ya yi fushi, ya jefa fensir cikin kwata,
ni ma na yi fushi, na ce da shi abin da bai kamata ba.
Larabar gaba na zo da wuri, na zaci ba zai zo ba.
Ya riga ni.

Sai ranar sakamako. Ya miƙo takarda yana sunkuye.
Na riƙe, na gyaɗa kai, na ce madalla.
Ya daɗe yana kallona,
sannan ya juya ta a hannuna: ashe a kife na riƙe ta.
Bai yi dariya ba.
Ya karanta mini layi-layi,
kamar mai ba majinyaci romo da cokali.
Da ya gama ya ce, "Kawo takardar maganinka ma."
Wata guda ke nan ina shan na dare da safe.

A Disamba ubansa ya sami aiki a ma'adinan arewa.
Ba mu yi wata sallama ta kirki ba.
Na ba shi tsohon fensirina na tasha,
ya duba, ya ce, "Kai ma kana cizo."

Jiya matar ofis ta kira: akwai wata yarinya, Nayaret,
ita ba fensir take cizo ba, mutane.
Na ce ina zuwa, amma ki karanta mini takardar wannan karon.

Na bi ta matakala.
A kan kowace ta goma akwai lamba da alli,
manya-manya, kamar tafin hannu,
ƙafafun mutane sun cinye rabinsu.
A ta casa'in da ɗaya, can gefe inda ba a takawa,
sai da na durƙusa kafin na iya haɗa baƙaƙen:
Huta nan, tsoho.

Na huta.