Agogona Ya Tsaya a Hawan Aburi

Shekara talatin ina zaune a Nima,
kujera ɗaya, gilashi manne a ido ɗaya,
ina gyara wa mutane lokacinsu.
Nawa kuwa ya taru a tumbi da wuya,
har likita ta ɗaura min abin awo a dantse,
ta girgiza kai ta ce, Baba Tanko, tashi ka yi tafiya.

Zulai ce ta rubuta sunana, ba ta shawarce ni ba.
Gudun yada-ƙanin-wani, wai rabi ne kawai.
Rabi! Kilomita ashirin da ɗaya.
Ta maƙala min lamba a ƙirji
kamar ragon da aka yi wa shaida a kara,
ta ce, in ka gaji ka tuna da dariyar Gambo mai shayi.

Muka yi Asuba a bakin titi a Ayi Mensah,
alwala da ruwan leda, kwali ne sallaya.
Aka busa usur. Samari suka watse
kamar an jefa dutse cikin zabi.
Ni na ɗaga ƙafa da bismilla,
gwiwa ta amsa da ƙarar tsohuwar ƙofa.

Tudu ba ya gaisuwa.
Ka sha kwana ka ce ya ƙare,
sai ka tarar da wansa yana jira.
Na waiga sau ɗaya: ga Ankara can ƙasa,
rufin kwano birjik, teku kamar bakin faranti,
shagona bai kai ƙwayar gero ba.

A kilomita tara wata tsohuwa ta wuce ni,
silifa a ƙafa, damin ayaba a ka,
ba lamba, ba mai yi mata tafi.
Ta ce wani abu da Turanci bai san shi ba,
na gane dai tausayi ne.
Na bi sawunta har gonar rogo ta haɗiye ta.

Daga nan kwalta ta ƙare, sai jar ƙasa,
inuwar koko, warin giyar kwakwa daga wata rumfa,
coci na ta kiɗa, yara na ƙirga mu da yatsa.
Wani ya miƙo min ɓarin lemo.
Ban taɓa shan abin da ya kai shi ba,
har da ruwan da aka ba ni ranar aurena.

A sha shida na duba hannu.
Takwas saura kwata. Na ƙara gudu, na sake dubawa:
takwas saura kwata.
Gumi ya shiga inda na rantse wa masu saye
ko ruwan sama ba ya shiga.
Na yi dariya har haƙarƙari ya soke ni.
Mai gyaran agogo a tsakiyar daji, ba ƙarfe nawa.

To, sai na koma ga wanda ba ni na haɗa ba,
wanda ke bugawa a ƙarƙashin lamba,
ba batir, ba a taɓa buɗe bayansa ba.
Shi ya ce taka, na taka.
Ya ce sassauta a gangara, na sassauta.
Shekara hamsin da uku yana aiki a shagona
ban taɓa kara kunne na ji shi ba.

Da na iso, ana naɗe tutoci,
mai lasifika ya riga ya cire waya.
Mutum huɗu ne a bayana, ɗaya da sanda.
Zulai ta rataya min ƙarfe mai igiya,
tana kuka, tana ɗaukar hoto, tana faɗa:
awa uku da minti goma sha ɗaya!

Na ce bari, 'yar nan, ba ni ruwa.

Ran Litinin Gambo ya leƙo shago da kofinsa,
ya ga agogon rataye a ƙusa, ya ce, ba ka gyara ba?
Na ce wannan ba na gyarawa ba ne.
Ya ce ƙafa fa?
Na ce tana nan. Ajiye shayin, miƙo min kujera.