Kanwa a Jini

Ƙarfe uku na dare a Sheffield,
yayyafi na tsiyaya a jikin taga,
aka turo mini jinin Mista Hepworth,
gado na tara, kwana huɗu yana amai.

Na'ura ta yi gurnani, ta tofo takarda:
jininsa ya yi kanwa.

Ai haka cinikin yake.
Duk tsamin da tumbi ya kwarara wa abinci,
kanwa daidai shi yake tura wa jijiya.
Bashi ne, sai can ƙasa hanji ya warware.
Shi ko dattijon nan, a roba tsaminsa ya ƙare,
bashin na ta hawa.

Inna takan ce kanwa ta kar tsami,
tana ɗiga ruwanta a miyar yakuwa,
ba ma'auni sai harshe.
Ran da hannu ya zarce, sai tsaki.

Na karanta wa likita lambobin a waya,
ta ce a ɗaura ruwan gishiri.

Na buɗe kwanona, shinkafa ta huce.
Loma uku,
ga tawa 'yar ambaliyar ta taso cikin damtse,
ba wanda ya aiko a auna.