Aljihun Hagu

A garin nan dutse ya fi ruwa araha,
kowa ya sani, har jakin ɗan garuwa.
Ban taɓa biyan ko dala ba
a kan abin da ke cikin tsohon kwanon nan.

Na fara ne a Birni,
inda manyan duwatsu suka kwanta a kan juna
kamar shanun da suka dawo kiwo a gajiye.
Rana ta gasa su, dare ya huce su,
sai su yi ta zubar da ɓawo.
Durƙusa a gindinsu bayan la'asar,
za ka ga tsakuwa mai zane irin na gashin zabo,
wata da ƙyalli a cikinta
wanda yara ke rantsuwa zinariya ce.
Na kai wa Kalla, maƙerin farin Zango.
Ya yi dariya har ya ƙware da goro.

Washegarin ruwa mai ƙarfi, bi ƙorama.
Ruwa ɓarawo ne mai mantuwa,
ya kwaso kaya daga tudu ya watsar a hanya.
Farar ƙanƙara na nan, wankakkiya.
Goga biyu a duhun ɗaki,
su yi walƙiya, su bar maka ƙauri a yatsa.

In kamyo ya juye tsakuwa a bakin gini
ni ne mai kabu-kabun da ke tsayawa ba fasinja.
Magina sun san ni.
"Ga na tsince-tsince ya zo, ku ɓoye harsashin gidan."
Can na samu marmara ja
mai ramuka kamar tandar masa.

A gonar kawuna, hanyar Mirya,
hauya ta tono kashin maƙera, baƙi, mai nauyi,
na mutanen da suka dafa tama
tun ba a haifi kakan kakana ba.
An ce akwai gatarin aradu a wajen.
Shekara tara ina duba ƙasa.
Har yau dai ƙaya.

Habsu ta ce, "Aljihun hagu kuma?
Ranar Laraba na ɗinke shi.
Maza na kawo gero gida,
kai kana kawo abin da ake tsincewa a fitar daga gero."
Ban da amsa. Na ba ta wandon.

Ɗaya ne kawai ban tsinta da hannuna ba.
Nomau mai haƙar rijiya ya miƙo mini
daga gaba goma sha biyu,
toka-toka, sumul, daidai tafin hannu.
Ya ce, "Yau ya fara ganin rana."
Rijiyar ba ta ba da ruwa ba. An rufe ta.
Shi nake sa wa a tsakiyar kwano,
sauran su kewaye shi.

Bazarar bara famfo ya yi kwana tara shiru.
Jarka ta yi tsada, an ja layi tun asuba,
Inna na kwance, zazzaɓi ya hana ta taɓa ko ɗan da aka samu.
Na dawo da magariba na buɗe kwano,
tsakiya wayam.
Na ɗaga murya. Habsu ba ta ɗago daga tukunya ba,
ta nuna mini ɗakin Inna da ludayi.

Yana gefen tabarma.
Inna ta ɗora tafukanta a kai a hankali,
ta shafi fuska, ta koma, ta shafi hannuwa,
ta ta da kabbara a zaune.

Ta warke. Ruwa ya dawo.
Dutsen bai dawo ba,
ya yi duhu a tsakiya, inda hannunta ke sauka.
Ni kuma ban cike gurbin ba.
Jiya dai na wuce ta Birni,
aljihun hagu ya sake yagewa.