Jar Fitila a Wad Madani

Malam Yahuza, yau ma jar fitila ta kama,
na buɗe baki, sai na ji gyaran muryarka.

Ranar farko ka karɓe takardar hannuna,
ka naɗe ta, ka kashe ƙuda da ita.
Ka ce, "Asabe, ba taro kike wa magana ba.
Mutum ɗaya ne, yana ban ruwa a gonar auduga,
rediyonsa rataye a reshen bagaruwa.
Batirinsa ya kusa ƙarewa. Kada ki ɓata masa."

Wata shida ka hana ni labarai,
sai sanarwar rasuwa da cigiyar awaki.
Na kai ƙara wurin mai shayin bakin ƙofa,
ta ce, "Sha, shi ya biya."

Kai ka koya mini
sunan mamaci ba a yi masa gaggawa,
ajiye shi ake kamar ƙwai a kan faifai.
Wasiƙun Mai Wurno da na Gadarif,
rabi ajami, rabi Larabci,
kana karantawa har gaisuwar ƙarshe.

Asubahin Laraba aka miƙo mini takarda.
Layi uku. Kowa ya ƙi shiga ɗakin.
Na karanta sunanka a hankali,
sannan na yi shiru, daƙiƙa huɗu cur.
Da kana nan, da ka buga gilashi.

Yanzu wani yaro ne a gabana, hannunsa na rawa.
Na karɓe takardarsa.
Babu ƙuda, Malam.
Na dai naɗe ta.